Gargaɗi Ga Masoya, Ma'aurata Da Iyaye: Wayar Hannu Ta Zama Sarƙa A Ƙafa

Jama'a, a tsaya a saurara. Wannan kira ne ga budurwar da saurayinta ya riƙe lambar sirrin wayarta, da matar auren da ba ta isa ta kwanta ba sai maigida ya bi saƙonninta ɗaya bayan ɗaya, da magidancin da matarsa ke jira ya yi barci ta ɗora yatsansa a kan wayarsa ta buɗe, da saurayin da wata kyakkyawar da bai taɓa gani ido da ido ba ta ce ya turo hotonsa ba riga. Kira ne kuma ga iyaye, su ma fiye da kowa, domin rabin maganin abin da zan faɗa a hannunsu yake.

Wani irin cin zali ya shigo mana gida ba sallama. Ba ya barin tabo a fuska, maƙwabta ba sa jiyo shi ta katanga, wadda ake yi wa kuma sau da yawa ba ta san cuta ba ce, kishi take ce masa. Farkonsa "me ya hana ki ɗaukar wayata?" Ƙarshensa "ki rabu da ni ki gani, sai duniya ta kalli hotonki." Tsakanin waɗannan maganganu biyu tsani ne mai hawa-hawa, kuma wanda ya san shi yana iya dirowa tun ƙasa ba ta yi nisa ba.

Abin da na gani da idona

Bara, ranar kamun wata 'yar uwarmu, muna ɗakin uwar amarya ana ƙulla alkaki da dubulan a leda, sai na lura 'yar yayana tana ta shiga tana fita. Shekararta 19, tana aji biyu a kwalejin ilimi. Da ta sake miƙewa na bi ta. Na same ta a lungun da aka kife tukwane, ta ɗaga waya sama tana juyawa a hankali, kamar mai haska ɗaki da tocila. Kiran bidiyo ne. Muryar namiji na fitowa:

"Juya hagu. Wancan mai farar shaddar wane ne?"

"Mai kawo kujeru ne."

"Ƙara juyawa in ga bayanki."

Da ta kashe na ce, "Ke, wane ne wannan da yake ƙirga mana baƙi?" Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Gwaggo, shi ne fa. Kishi gare shi. Sona yake da yawa." Ni ma na yi dariya, na ce Allah Ya nuna mana naku. Har yau ina jin kunyar wannan dariyar.

Bayan wata biyar ta zo gidana bayan sallar isha'i, ta rame, idanunta sun faɗa. Ba ta ce komai ba, ta miƙo min waya. Na zauna a bakin gado ina karantawa har shayina ya huce. Ashe tun kafin bikin yake da lambar sirrinta. Ya sa ta goge lambobin 'yan ajinsu maza, har da na ɗan kawunta da suka tashi ɗaki ɗaya. Ya nemi hoto ba ɗankwali, ta tura. Ya nemi wanda ya wuce haka, ta ƙi, ya yi mata yajin magana na kwana uku, ta tura ta hanyar nan da ake cewa gani ɗaya hoton ke ɓacewa. Ya sa wata wayar ya ɗauki hoton allon. Ranar da ta ce ta gaji, ya turo mata shi, ya jera mata inda zai aika: Babanta, guruf ɗin ajinsu, da matan unguwa. Sau biyu tana cire kuɗi daga na rajistar makaranta tana tura masa.

Ta riƙe hannuna ta ce, "Gwaggo, don girman Allah kada Baba ya ji. Wallahi kashe ni zai yi."

A nan na gane inda ƙarfin yaron yake. Hoton kansa bai fi ƙwayar gero ba a cikin waya. Tsoron gida da ke zuciyarta, shi ne wuƙar da ya ɗora mata a wuya.

Matakan tsanin

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda za ta ɓaci. Ga yadda abin ke hawa.

Da fari ƙirga lokaci ne. "Na ga kina onlayin ƙarfe ɗaya na dare, da wa kike hira?" "Alamar ta yi shuɗi tun ɗazu, kin karanta kin share ni." Tun da WhatsApp ya kawo shuɗiyar alamar nan a 2014, minti biyar na shiru ya zama laifin da ake tsare mutum a kansa.

Sai neman lambar sirri, a matsayin shaidar so. "In ba ki da abin ɓoyewa, ba ni." Wannan magana tarko ce mai baki biyu: in kin ƙi kin zama mai laifi, in kin bayar kin miƙa makullin ɗakinki.

Sai yanke ki daga mutane. A toshe wannan, a fita daga wancan guruf, ƙawarki wance ba ta da tarbiyya, ɗan uwanki wane kallonsa bai yi min ba. Ranar da za ki nemi wanda za ki kai wa kuka, sai ki tarar shi kaɗai ya rage.

Sai bin sawu. WhatsApp yana ba da damar a haɗa lamba ɗaya da wasu na'urori har huɗu. Wanda ya ce "ara min wayarki in tura hotunan biki" ba ya buƙatar fiye da minti ɗaya ya haɗa taki da kwamfutarsa ko wata wayarsa, daga nan duk abin da ya shigo miki yana gani, yana kwance a ɗakinsu. Akwai tilasta wa mutum ya kunna taswirar da ke nuna inda yake kai tsaye. Akwai kuma manhajojin leƙen asiri da ake dasawa a ɓoye, ana tallarsu da sunan kula da yara, alhali mata da miji ake bibiya da su.

Sai neman hoto ko bidiyo, da lallashi, da fushi, da "ai aurenki zan yi." Na ƙarshe kuma tona asiri: habaici a sitatus, buɗe shafin bogi da sunanki, tura hirarku ga dangi ko ga sabon manemi, da barazanar sakin hoto in ba a dawo ba ko ba a biya ba.

Duk wanda ya ga kansa a mataki na biyu, ya sani ƙafarsa tana kan tsanin.

Me ke haddasa shi?

Masu bincike sun daɗe suna bin wannan lamari. A 2013 cibiyar Urban Institute ta Amurka ta fitar da sakamakon tambayoyin da ta yi wa ɗalibai 5,647 a jihohin New York, New Jersey da Pennsylvania. Cikin waɗanda ke soyayya, kashi 26 cikin ɗari sun ce masoyinsu ya ci zarafinsu ta waya ko intanet a cikin shekara guda. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne na biye: cikin waɗannan, kashi 84 suna shan wulaƙanci da muzantawa a zahiri ma, kashi 52 an kai musu hannu, kashi 33 an matsa musu a kan lalata. Wato abin da ke waya ba a waya yake tsayawa ba. Mai bincike a wayarki yau, ba mamaki gobe ya murɗe miki hannu don ya ƙwace ta.

Wani binciken da Sameer Hinduja da Justin Patchin suka fitar a 2020, a kan yara 'yan shekara 12 zuwa 17 masu soyayya a Amurka, ya samu kashi 28, kuma yara maza da suka ce an yi musu sun fi mata yawa. Kada mu ɗauka cutar ta jinsi ɗaya ce. Sai dai in aka zo kan matsin lamba a turo hoton tsiraici, binciken 2013 ya nuna mata sun ninka maza shan wannan.

Waɗannan alƙaluma na wata ƙasa ne, amma dalilan da ke bayansu duk mun san fuskarsu.

Na ɗaya, zuciyar da ba ta kwanciya. Akwai mutumin da kullum yake jin za a bar shi. In ya duba wayar masoyiyarsa bai ga komai ba, sai ya ji sanyi na awa ɗaya, sannan zargin ya dawo da ƙarfinsa. Tun 2009 masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada suka nuna yadda leƙen shafin masoyi a Facebook ke ƙara kishi, kishin kuma ya ƙara leƙe. Susar ƙaiƙayi ce, ana yi ana jin daɗi, fata na salewa. Shi ya sa ba da lambar sirri ba ya kashe zargi, taki yake zuba masa.

Na biyu, tatsuniyar da muka haddace cewa kishi ma'aunin so ne. Wani bincike da aka yi a Sifaniya a 2015 ya gano cewa matasan da suka yarda da irin waɗannan tatsuniyoyi na soyayya sun fi sa wa masoyansu ido ta waya. Mu ma muna da namu kason: sau nawa muka kalli fim ko muka karanta littafin soyayya inda jarumi ke ƙwace wayar yarinya ya rotsa ta da bango, aka kuma sa mana kiɗa mai taushi don mu ji ya burge?

Na uku, gidan da aka taso. Yaron da ya girma yana ganin ana tsare uwarsa da tambaya da tsawa, ya koyi cewa haka namiji ke riƙe gida. Na huɗu, shaye-shaye. Bincike ya sha alaƙanta shi da wannan ɗabi'a, kuma wanda ya kwana da kodin ko tiramol a kansa ba ya auna abin da yatsansa ke turawa. Na biyar, "ni na saya miki wayar, ni ke sa miki data." Kyautar da aka bayar da igiya a jikinta, ranar faɗa ake jan igiyar.

Na shida kuma namu ne na gida. A da zance a zaure ake yinsa ko a ƙofar gida, ga fitila, ga ƙanwa zaune nesa kaɗan tana wasa da kara, in dare ya fara yi uba ya yi gyaran murya daga ciki, saurayi ya nemi takalminsa. Zancen yana da wuri, yana da lokaci, yana da shaidu. Yau ya koma ƙarƙashin bargo, ƙarfe biyu na dare, ba mai gyaran murya. Abin da saurayi ba zai iya furtawa a zauren surukinsa ba, yana rubuta shi cikin daƙiƙa uku, don ba ya ganin hawayen da ya jawo.

A kuma kiyaye wannan: lokacin rabuwa shi ne mafi haɗari. Mai son mallaka, ranar da ya ga abin na kuɓuce masa, ranar yake fito da duk abin da ya tara. Budurwar da aka sa wa rana da wani, da bazawarar da ta gama idda ta samu manemi, su suka fi shan wannan.

Kunyarmu ce jarinsu

Mun taɓa ganin yadda irin wannan wuta ke ci. A 2007, zamanin da ake tura abu ta Bluetooth, wani gajeren bidiyo na wata 'yar fim ɗin Hausa ya zaga Kano daga waya zuwa waya. Aka dakatar da ita, aka dakatar da ɗaukar fina-finai a jihar na tsawon watanni, sunanta ya zama abin tsokana a bakin yara. Namijin da ke cikin bidiyon kuwa, mutum nawa ne ke tuna sunansa yau? A 2020 aka sake yi da wata jarumar. Ta fito ta ce tsohon saurayinta ne ya ɗauke ta ba da saninta ba, ya daɗe yana mata barazana, shi kuma ya musanta. Da gangan na ƙi kama suna, domin maimaita sunan ma wani yanki ne na cutar.

Darasin da mugaye suka ɗauka daga waɗannan shi ne: in hoto ya fita, mace jama'a za su jefa, ba wanda zai tambayi wanda ya saki. Muddin haka muke, mu ne muke wasa musu wuƙa.

Samari, ku ma ku shafa wa gemunku ruwa. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya, na masu shigar burtu da sunan 'yan mata, su yaudari namiji ya turo hoton tsiraicinsa, sannan su tatse shi. A watan Maris na 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya kashe kansa cikin 'yan awoyi da faɗawa irin wannan tarko. Wasu 'yan uwan juna biyu daga Legas, Samuel da Samson Ogoshi, da ke da hannu a lamarin, aka miƙa su Amurka a 2023, a watan Satumban 2024 kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi. Mai ganin wannan sana'a ce ya dubi ƙarshenta.

Addini da doka

Mai fakewa da "ai matata ce" ko "ai ina da haƙƙi" ya koma makaranta. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane, ba ta kuma ware mata da miji ba. A Sahihu Muslim akwai hadisin da ya hana mutum ya faɗo wa iyalinsa da dare don ya kama su da laifi, akwai kuma wanda ya sa mai yaɗa sirrin shimfiɗar aurensa cikin mafi sharrin mutane ranar alƙiyama. Aya ta 19 ta Suratun Nur kuwa ta yi alƙawarin azaba ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Mai danna "tura" ya duba ko da shi ake.

Hukuma ma ba ta yi shiru ba. A Najeriya, sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 7 ga mai aika saƙon batsa, da shekara 5 ko tarar naira miliyan 15 ga mai barazanar ɓata sunan wani don ya karɓi wani abu a hannunsa. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda jihohi da yawa suka mayar tasu, ta ɗauki bibiya, tsoratarwa da azabtar da zuciya a matsayin laifi. In wanda ke cikin hoton bai kai shekara 18 ba, ajiye shi a waya kaɗai ma babban laifi ne. Nijar tana da dokarta ta laifukan intanet tun 2019, Ghana kuma dokarta ta 2020 ta haramta yaɗa hoton tsiraicin mutum ba da yardarsa ba.

In kina ciki, ko kana ciki, ga abin yi yau

1. Kada a biya ko sisi, kada a ƙara tura wani hoton. Wanda aka ba sau ɗaya ya gano rijiya, gobe da babban guga zai dawo.

2. Kada a goge saƙonninsa. A ɗauki hoton allo yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, a adana saƙon murya da shaidar tura kuɗi, a ajiye kwafi wurin amintacce. In hoton na wanda bai kai 18 ba ne, kada a kwafe shi ko a tura wa kowa. A kai wayar ga hukuma yadda take.

3. A faɗa wa babba guda ɗaya kafin a kwanta: uwa, gwaggo, yaya, kawu, malama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

4. A rufe ƙofofi. A canza lambar buɗe waya da ta imel, sannan ta sauran shafuka. A shiga saitin WhatsApp wurin da ke nuna na'urorin da aka haɗa, a fitar da duk wadda ba a sani ba, a sa lambobi shida na ƙarin tsaro, a kashe nuna wuri. Amma in gida ɗaya kuke, ko ya taɓa kai hannu, a fara isa inda ake da kariya tukuna, domin zai gane an rufe masa.

5. Kada a amsa gayyatar "zo mu haɗu in goge a gabanki." Hoton da ke waya ɗaya yana iya zama a wurare goma, kuma a irin wannan haɗuwa ake yin ɓarnar da ta fi ta farko.

6. Wanda ya kai 18 lokacin da aka ɗauki hoton ya shiga StopNCII.org, wanda bai kai ba ya shiga Take It Down. Hoton ba ya barin wayarka. Wata lamba ce kamar zanen yatsa ake cirowa daga jikinsa, a ba Facebook, Instagram, TikTok da sauran kamfanonin da ke cikin tsarin, in wani ya zo ɗora shi su tare. Kyauta ne. Sai dai tsarin bai kai cikin saƙonnin WhatsApp ba, shi ya sa ba ya wadatarwa shi kaɗai.

7. A kai ƙara, tare da rakiyar babba. Akwai ofishin 'yan sanda, da cibiyarsu ta yaƙi da laifukan intanet a Abuja, da hukumar NAPTIP, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA mai rassa a jihohi. In abin ya kai ga taɓa jiki, akwai cibiyar Waraka a Kano da Salama a Kaduna. In rai na cikin haɗari, a kira 112.

8. In zuciya ta fara raya cewa mutuwa ta fi sauƙi, a tashi wani a gidan yanzu, ko ƙarfe nawa ne. Abin kunya yana wucewa, mutane su kama wani zancen. Rai ba ya dawowa.

Wanda bai faɗa tarkon ba kuma ya riƙe biyu: hoton da ba a ɗauka ba shi kaɗai ne ba ya fita, ko da miji ne ya nema, domin waya tana ɓata, ana sace ta, aure ma yana mutuwa. In za a kai waya gyara ko a sayar, a cire layi da memori, a kwashe abin da ke ciki.

Ga mai aikatawa, da mai turawa

Kai da ke bin wayarta, ke da ke bin tasa: in zargi ya hana ka barci, ciwon a ƙirjinka yake, ba a wayar wani ba. Ka zauna ku yi magana baki da baki, ko ka sa manya a ciki, ko ka nemi likitan da ke duba damuwa. In aminci ya ƙare, a rabu da mutunci. Hoton da ke hannunka kuwa amana ce. Ka goge shi yau, ka tuna kana da ƙanne mata kuma za ka haifa.

Ku kuma 'yan "turo min in gani," da ku ake cin wannan kasuwa. Mutum ɗaya ne ke saki, dubu ke yaɗawa. Ku sani yanzu da ƙirƙirarriyar basira ana ɗaukar fuskar yarinya daga hoton biki a ɗora a jikin da ba nata ba, don haka ganin hoto bai zama hujja a kan kowa ba. In ya shigo guruf ɗinku, kada ku buɗe, kada ku tura, ku ce wa wanda ya kawo ya ji tsoron Allah a gaban kowa, shugaban guruf kuma ya goge ya fitar da shi.

Ga iyaye

Washegarin daren da 'yar yayana ta miƙo min wayarta na tafi gidan Yaya. Na same shi a tabarma bayan sallar asuba, na faɗa masa komai ban rage ba. Ya daɗe bai ɗago ba, carbi na tafiya a hannunsa. Na shirya wa tsawa. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Tana ina?" Na ce tana gidana. Ya ce, "Ba ni lambar yaron."

A gabana ya kira. "Ni ne mahaifin wance. An ce kana da saƙon da za ka aiko min. Ga ni, ina jira. Amma ka sani duk abin da ka rubuta mata an adana, kuma daga nan wurin lauya za ni, daga can sai gidanku." Aka yi shiru a ɗaya ɓangaren, sai ƙit, aka kashe. Yaya bai tsaya nan ba, ya je wurin lauyan, ya je gidan su yaron da wani dattijon unguwa. Hoton bai fita ba.

Ba kowane labari ke ƙarewa haka ba, kuma namu ma bai ƙare kyauta ba. Yarinyar ta rasa zangon karatu guda, har yanzu in waya ta yi ƙara da dare sai ta zabura. Faɗa kuwa ta sha shi daga baya, wurin uwarta da wurina, don ta yi kuskure kuma an gaya mata. Amma sai da aka fitar da ita daga rijiya sannan aka tambaye ta yadda ta faɗa. Wata biyar yaron nan yana juya ta da kalma ɗaya, "zan gaya wa Babanki." Ranar da Baban ya ji ya kuma tsaya a bayanta, sai ga shi ba shi da komai a hannu.

Don haka iyaye, kada ku jira sai an zo muku da kuka. Yau da dare, bayan an ci tuwo, ku kira 'ya'yanku mata da maza, ku ce musu: "Duk abin da ya same ku a wayar nan, komai muninsa, ni za ku fara kawo wa. Zan yi faɗa, amma ba zan bar ku a hannun wani ba." Ku faɗa har su yarda da gaske kuke. Yaron da ya san ƙofar gidansu a buɗe take, ba mai iya tsare shi a waje da barazana.

Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. In dai akwai abin da ya cancanci a tura a guruf yau, to wannan ne. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira.